"Baba, Ka Huta": Nazarin Lamarin Wani Dattijon Manomi a Bayan Ikorodu

Ranar wata Juma'a, bayan an idar da salla, wani ɗan kasuwar Mile 12 ya tare ni a ƙofar masallaci. Wake da gero yake sayarwa, sanin da ke tsakaninmu bai wuce gaisuwa ba. Ya ja ni gefe, ya sassauta murya ya ce, "Malam, an ce kana duba masu damuwa. Tsohona ne. Ina jin gigin tsufa ya kama shi."

Ni ma'aikacin lafiya ne na cikin al'umma, haifaffen Agege, na kuma sami horo kan jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa a ƙarƙashin kulawar likita. Wannan bayanin aikin wata tara ne da na yi da dattijon. Na rubuta da yardarsa da ta ɗansa, na sakaya sunayensu da na ƙauyensu. Baba nake kiransa tun ranar farko, haka zan kira shi a nan.

Yadda na same shi

Baba ya haura saba'in. Lissafinsa shi ne ya riga ya yi wayo lokacin da aka ba Najeriya 'yanci a 1960. Manomi ne daga wani ƙauye a yammacin jihar Katsina, gefen dajin Rugu. Yana da gonaki biyu, da shanun huɗa, da rumbuna uku. Shi ake kira idan rikicin iyakar gona ya tashi, shi ke ba da auren 'ya'yan dangi. Wani dare 'yan bindiga suka shigo a kan babura, suka kora shanun, suka cinna wa rumbunan wuta, suka kashe maƙwabcinsa da suka yi shekara hamsin suna hira a dakali ɗaya. Ya koma cikin gari shi da uwargidansa, suka raɓa a ɗakin aro. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu. Bayan sadakar arba'in babban ɗansa ya je ya ɗauko shi zuwa Legas.

Ɗan ba a cikin birni yake zaune ba. Tsadar haya ta tura shi can bayan Ikorodu, ta hanyar Imota, wani ƙauyen Yarabawa da gonakin rogo suka kewaye, inda ya sayi fili ya yi ɗakuna uku. Hausawan wurin ba su fi a ƙirga da yatsu ba: mai shayi ɗaya, sai masu haƙar rijiya da ke zuwa su tafi. Ɗan yakan fita tun kafin asuba don ya riga gosulo, ya dawo bayan isha'i ko magana ba ya iya yi don gajiya.

Na tarar da Baba zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, taga a rufe. Ga kwanon tuwo a gefe, an ɗan tsakuri baki ɗaya an bari. Hularsa na rataye a ƙusa, ƙura ta hau ta. Idona ya tsaya a kan tafin hannunsa: hannun manomi ne, mai faɗi, amma kantar ta saki, fatar ta yi laushi tana ɓarewa. Ya lura ina kallo. Ya juya hannun sama ya ce, "Ka gani, ɗana? Ya koma na jariri."

Da na tambaye shi abin da ke damunsa, jiki kawai ya lissafa mini. Kai ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ƙirji na zafi. Abinci ba ɗanɗano. Barci kuwa, da ƙarfe biyun dare ya yi sai ido ya bushe har kiran assalatu. Sau huɗu ana karɓo masa maganin taifot da maleriya a kemis, an yi masa ƙarin ruwa sau biyu, ya sha rubutu, an yi masa tofi. Daga baya mai kemis ya haɗa masa da ƙwayar barci ta dayazifam, wadda aka fi sani da baliyam, ita ce ta sa yake wuni a gyangyaɗi, har ya taɓa faɗuwa a banɗaki.

Dattawanmu ba kasafai suke buɗe baki su ce suna baƙin ciki ba. Jiki suke turowa ya yi musu magana. Wanda bai san haka ba zai yi ta bin zazzaɓin da babu shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar Baba kuwa ta riga ta ba ni amsa kafin ya gama lissafin.

Gigi ne ko damuwa?

Wannan tambayar na fara warwarewa, don ita ta kawo ɗan wurina. Na tambayi Baba yau wace rana ce, ya ce bai sani ba. Wane wata muke ciki, bai sani ba. Ko yunƙurin tunawa bai yi ba. Mai gigin tsufa yawanci yakan yi ƙoƙari ya ba da amsa, ya kauce, ko ya rufe da wasa. Mai tsananin damuwa kuwa sakin igiyar yake yi tun farko. Mako na zagayowa na dawo, Baba ya tambaye ni jikin ƙaramin ɗana da na ambata a cikin gaisuwa sau ɗaya tak cewa yana tari. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe wannan ba ta lalace ba.

Duk da haka ban yanke hukunci ni kaɗai ba, domin cututtukan biyu kan haɗu a mutum ɗaya, kuma akwai ciwon jiki da ke shigar burtu da kamannin damuwa. Muka kai shi wurin likita. Aka sami hawan jini, aka ɗora shi a kan magani. Suga lafiya lau. Ido ya yi rauni, amma tabarau ya wadatar. Likita ya janye baliyam ɗin sannu a hankali, don ba a yanke ta rana ɗaya. Ya kuma ƙi ba shi amitiriftilin, maganin damuwar da ya fi samuwa a ƙananan asibitoci, saboda a jikin tsoho yana iya kawo jiri da faɗuwa da riƙewar fitsari da ruɗewa. Shawararsa ita ce a fara da tattaunawa, in an yi makonni babu motsi a sake zama a duba batun magani.

Na auna shi da ma'aunin PHQ-9, tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27. Da baki na yi masa su, cikin Hausa. Makinsa ya haura 15, wato damuwar ta wuce matsakaiciya ta doshi mai tsanani. Tambaya ta tara ita ce wadda ma'aikata da yawa ke tsallakewa don nauyin baki, ni kuwa ina ganin tsallake ta ganganci ne. Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri. Yakan zo maka a rai cewa gara mutuwa?" Ya ce, "Kullum ina roƙon Allah Ya ɗauke ni, in huta, in hutar da yaron nan." Na ce, "Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu da hannunka?" Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, karo na farko ke nan. "Subhanallahi. In je in ce wa Ubangiji me?" Na gaskata shi. Amma a ranar na sa ɗan ya kwashe maganin ƙwarin da yake ajiyewa a sito ya mayar kasuwa, kuma na ci gaba da maimaita tambayar a kowane zama.

Da na gaya wa ɗan cewa ciwon damuwa ne, sai ya ɓata fuska. Ya ce shi ya ɗauka wannan cutar Turawa ce da masu kuɗi. Na ba shi labarin binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Ibadan suka wallafa a mujallar Lancet a 2007. Sun tattauna da mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a jihohin da ake jin Yarabanci. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa fama da tsananin damuwa a rayuwarsu, kusan 7 cikin 100 kuma a cikin shekarar da ta gabaci tambayar. Waɗanda suka sami wata kulawa ba su kai 4 cikin 10 ba, kuma talaka da mazaunin ƙauye su suka fi rasa ta. Ya yi shiru, sannan ya fito da ainihin tsoronsa: "To Yaba za a kai shi?" Ga Bahaushen Legas, Yaba ita ce Dawanau, wato asibitin masu taɓin hankali. Na ce masa asibitin Yaba na da aikinsa ga wanda ciwonsa ya kai can, amma na Baba a tabarmarsa za mu yi shi.

Inda ɗakin ke yoyo

Ɗan nan ba mugu ba ne, ina so a riƙe wannan da kyau. Ya ga ubansa ya tsufa a duƙe, ya ga an raba shi da komai dare ɗaya, sai ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa tsohon ba zai ƙara ɗaga ko tsinke ba. Baba ya ɗauki tsintsiya, a karɓe: "Baba, ka huta." Ya nufi rijiya da buta, jika ya sheƙo ya amshe. Ya ce zai taka zuwa bakin titi, a ce akwai motoci, ba ka jin yarensu, kada ka ɓata. Wata goma sha huɗu babu wanda ya nemi komai a wurinsa, ko shawara, ko aron allura. Mutumin da gari guda ke sallama a ƙofarsa ya zama wanda ake ajiye wa kwano a fita.

Sannan ga kunya, wadda a gida ado ce, a nan kuma ta zama katanga. Ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, "yaron nan" yake cewa, hirarsu ba ta wuce ina kwana da sai da safe. Babban mutum ɗaya tilo da ke wuni a gidan ita ce surukarsa, wadda za ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta ajiye abinci ta juya. A ƙauye wannan ba ya cutar da kowa, domin akwai sa'o'i a dakali, akwai ƙanne, akwai abokan wasa. Jikoki ne ya kamata su cike gurbin, su ja gemu a yi ta tsokana, to amma a Legas aka haife su, Yarabanci da buroka suka fi zama a bakinsu. Masallacin unguwa ma huɗubarsa da Yarabanci ake fassara ta. Abokin hirarsa ɗaya ya rage, waya: saƙonnin murya na WhatsApp daga 'yan garinsu, yau an sace wane, gobe an sa wa ƙauye kaza haraji, wani lokaci har da hotunan gawa. A kan wannan yake kwana, a kansa yake tashi. Duk babur ɗin da ya wuce bayan gida da dare kuma sai gabansa ya faɗi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane wannan zagayen. Tun shekarun 1970 Peter Lewinsohn a Amurka ya bayyana cewa idan abubuwan da ke faranta wa mutum rai ko ke nuna masa yana da amfani suka yanke, sai ya janye jiki. Janyewar ta ƙara rage su. Tunani ya sami fili. Kasala ta ƙaru. Maganin da aka gina a kan wannan fahimta shi ne a dawo da ayyukan da kaɗan-kaɗan, ba tare da an jira sha'awa ta dawo ba, domin sha'awar a bayan aikin take biyowa. Wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 440, aka wallafa a 2016, ya nuna wannan hanya a hannun ƙananan ma'aikata ba ta gaza jinyar gyaran tunani da ƙwararru ke yi ba. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin PM+, zama biyar na minti 90, mako-mako, wanda aka gwada a Peshawar da Nairobi: sassauta numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ga aiki, da ƙarfafa zumunci. A kansa na ɗora aikina, sai dai biyar ba ta ishe mu ba, mun yi goma sha ɗaya.

Zaman da muka yi

Na fara da kuskure. Na zo da takarda mai layuka, ƙarfe kaza a yi kaza, a sa alama. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa ƙarƙashin tabarma. Mako na zagayowa tana nan yadda take. Mutumin da bai taɓa rayuwa da agogo ba na kawo wa agogo. Muka koma ga salloli biyar, su suka zama turakun ranarsa: bayan asuba a buɗe taga, a fito tsakar gida har rana ta ɗaga, bayan la'asar a taka zuwa wurin mai shayi. Waya kuma sau ɗaya, bayan azahar, ba a kwana da ita. Maimakon in ce ya ba ni maki, sai na ce, "Baba, in jin daɗin rai tiya ce, yau nawa ke cikin kwanon?" Ya ce, "Ko gindin kwano bai rufe ba." Da wannan mudun muka yi ta awo har ƙarshe. Numfashin kuwa bai karɓe shi ba sai da ya haɗa shi da carbinsa da kansa: ya ja iska a hankali, ya sake ta yana jan ƙwaya.

A zama na uku na gane akwai wani ƙulli a ƙasa. Baba na ganin baƙin cikinsa rashin tawakkali ne. Duk wanda ya zo masa ta'aziyya haƙuri ya ba shi, shi kuma ya kasa jin haƙurin a zuciya, sai ya ɗauka imaninsa ne ya yi rauni, ya ƙara wa kansa kaya a kan kaya. Ni ba malami ba ne, ban kuma yi shigar malamai ba. Na roƙi wani limamin Hausawa daga cikin Ikorodu ya raka ni. Bai yi wa'azi ba. Ya karanta ƙarshen Suratu Yusuf, inda idanun Annabi Yakubu suka yi fari saboda baƙin ciki, da inda yake cewa ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Ya ce, "Baba, wannan Annabi ne ɗan Annabi. Hawaye ba ya kore haƙuri." Baba ya ja bakin rigarsa ya rufe fuska. Ɗan ya gaya mini daga baya cewa ko ranar jana'izar mahaifiyarsu tsohon bai yi kuka ba.

Mako na zagayowa, ba tare da na tambaya ba, Baba ya ba ni labarin daren da 'yan bindiga suka shigo. Ban tona ba, ban nemi ƙarin bayani ba, na bar shi ya tsaya inda ya ga dama. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ji maƙwabcinsa na kiran sunansa, shi kuma yana kwance cikin karan dawa bai amsa ba. Na kai maganar ga likitan da ke kula da aikina, muka amince kada in shiga jinyar firgici da ban ƙware a kai ba, in dai saurara, in kuma lura ko mafarkan na ƙaruwa.

Zama mafi wuya ba da Baba na yi shi ba, da ɗansa ne, a rumfarsa ta kasuwa, cikin hayaniyar masu sauke buhuna. Na ce ina so a bar tsohon ya yi shuka a bayan gida. Ya ce, "Haba Malam! Mutane su ce na kawo ubana Legas ina sa shi noma?" Na ce, "Alhaji, wata nawa kana hutar da shi?" Ya ce goma sha huɗu. "Ya huta?" Bai amsa ba. Na ba shi labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna shiga harkokin yau da kullum ana yi musu magani. Nan kusa da mu aka fara wannan, sama da shekara saba'in da suka wuce. Ya ce zai yi tunani. Bayan kwana uku ya sayo fartanya.

A nan wani abu ya fito da babu wanda ya san da shi. Baba ya ciro ƙullin tsumma daga aljihun tsohuwar rigarsa. Irin gero ne, na gonarsa, wanda ya damƙo daga bakin rumbun da ya ƙone. Na san gero ba ya son ruwan Legas, na gaya masa. Ya ce na duƙe tsohon ciniki ne, ba yaro zai koya masa ba. Na yi shiru, kuma har yau ina ganin shirun ya dace, domin karo na farko ke nan da ya yi gardama a kan wani abu. Ya shuka rabi da ruwan Afrilu. Geron ya tashi kore shar, ya fi mutum tsawo, Baba na fita tun da sassafe yana zagaya shi, ya ce kwano ya kai rabi. Sai ruwan Yuni da Yuli ya sauko ba ƙaƙƙautawa daidai lokacin da zangarniya ke fitowa. Ta yi funfuna, ta yi baƙi, abin da ya tsira tsuntsaye suka cinye. A daidai lokacin ne kuma ake ta kiran waya daga gida ana cewa damina ta kankama, gonakinsa na nan ciyawa ta cinye, ba mai iya zuwa. Baba ya koma ɗaki ya rufe taga kwana tara.

Wadda ta fito da shi ba ni ba ce. Wata tsohuwa ce Bayarabiya, maƙwabciyarsu, da ta daɗe tana leƙen geron ta kan katanga. Ta aiko jikanta da ɗan ƙullin iri da damin ganye, ta ce a ce wa Baba ewedu ne. Ya murza ganyen a yatsa, ya shinshina, ya ce, "Ai lalo ne!" Ila ɗinta kuɓewa ce, tete ɗinta alayyafo. Washegari ya tuge karan geron, ya yi kunya-kunya. Har yau ba ya jin Yarabanci, ita ba ta jin Hausa, amma sukan tsaya a bakin katanga, ta nuna ganye ta girgiza kai, shi ya nuna toka ya yi alamar barbaɗawa. Wannan ya tuna mini da shirin Friendship Bench, bencin zumunci da Dakta Dixon Chibanda ya fara a Harare a 2006, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama da masu fama da abin da Shonawa ke kira kufungisisa, yawan tunani. Gwajin da aka wallafa a 2016 kan mutum 573 ya nuna zama shida a bencin ya rage damuwa sosai. Tsohuwar nan ba a horar da ita ba, kuma ba zan kira abin da ta yi jinya ba, amma ta san lokacin da ake aika iri.

Saura ɗan. Na ba shi shawara ɗaya: duk sabon kayan da aka sauke, ya ɗebo tafi guda ya kawo gida ya tambaya. Daren farko ya zube wake a faranti gaban tsohon, yana jin nauyi. Baba ya sa tabarau, ya ɗauki ƙwaya ya ciza, ya ce wannan bai gama bushewa ba, in ka ajiye shi wata biyu ƙwaro zai gama da shi, a shanya shi kwana uku kafin a ɗure a buhu mai leda. Haka kuwa aka yi. Kunya ba ta hana uba da ɗan fari maganar wake. Ta ƙofar waken nan sauran maganganu suka riƙa shigowa.

Zaman ƙarshe-ƙarshe mun ba da su ga waiwaye. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya rubuta a 1963 cewa yawan tuna baya da tsofaffi ke yi aiki ne na haɗa lissafin rayuwa, bai kamata a ɗauke shi alamar lalacewa ba. Muka sa babbar jikarsa, 'yar shekara goma sha biyu, wadda yanzu yake kira amaryarsa, ta riƙa naɗar muryarsa a waya. Ya faɗi asalin dangi har kaka na biyar. Ya faɗi yadda suka tsallake farin 1973. Wata rana ya ce ta naɗa da kyau, wannan na ubanta ne, ya shiga jero iyakar gona: daga tsamiya mai kogo a gabas, a bi jerin gawo zuwa tsohuwar rijiya, a karya kudu har suri. Sai a lokacin na fahimci ashe tsoron kada iyakar nan ta mutu tare da shi na cikin abin da ke hana shi barci. Ya kuma yi wasiyya. Da yana cewa lallai a mayar da gawarsa gida. Yanzu ya ce ƙasa duk ta Allah ce, a binne shi inda ya cika, amma 'yan uwansa Hausawa su yi masa wanka. Ɗan ya so ya katse maganar. Na roƙe shi ya saurara har ƙarshe.

Akwai wadda na makara ban duba ba, surukar. Sai a wata na biyar na tambaye ta, ta bakin mijinta, yadda take. Ashe ita ma ba ta barci, tsoro take kada tsohon ya mutu a hannunta ita kaɗai a ce ba ta kula ba. Ita ke wanki, ita ke lissafin magani, ita ke jin motsinsa da dare. Na haɗa ta da wata abokiyar aikina mace. Da zan sake wannan aiki, a makon farko zan tambaya.

Inda muka tsaya

A wata na tara makinsa ya sauko ƙasa da 10. Yana cin abinci, yawancin darare yana kaiwa asuba, bai sake faɗuwa ba, likita bai ga buƙatar maganin damuwa ba. Ma'aunin ingancin rayuwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHOQOL-BREF, tambayoyi 26 ne a fannoni huɗu: jiki, zuciya, mu'amala da mutane, da muhalli. Ukun farko sun ɗaga. Na huɗun bai motsa ba, domin gidan na nan inda yake, nesa da asibiti, wuta sai an ga dama. Ƙarar babur da dare har yanzu tana tayar da shi zaune. Ba zan jingina sauƙin ga tattaunawa kaɗai ba. Tabarau, da maganin hawan jini, da rabuwa da baliyam duk sun ba da nasu.

Nisa ya ci mu. Daga Agege zuwa can mota uku ce, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, don haka zama huɗu daga ciki ta waya muka yi su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin Baba haƙƙin kulawa a takarda. Mai jin Hausa da zai zauna a tabarmarsa shi ne abin da ya yi ƙaranci, alhali dattawa irinsa na ta sauka a Agege da Idi-Araba da Ojo, an raba su da gonakinsu.

Zuwana na ƙarshe ban same shi a ɗaki ba. Yana bayan gida, hula a kansa, jikar na riƙe masa leda yana tsinkar kuɓewa. Na tambayi kwano, ya ce ya wuce rabi, amma ba zai cika ba tunda mai tuwon ta tafi. Ya miƙo mini hannu, na ji kanta ta fara dawowa a gindin yatsu. Ragowar irin geron ya raba biyu. Kashi ɗaya ya ba wani direban tirela da ke komawa Katsina ya kai wa ƙanensa, ko Allah zai sa a sami shiga gona baɗi. Ɗayan yana cikin kwalba, an toshe bakin da toka da tsumma, a ƙarƙashin matashinsa.